Randar Inna Ta Daina Zufa

BILKISU: Halo? Wa ke magana?

MU'AZU: Salamu alaikum. Yaya Bilkisu, ni ne.

BILKISU: Wa alaikumus salam. Kai wa? Ɗaga murya, layin nan sai ƙara yake kamar ana suyar ƙosai.

MU'AZU: Mu'azu ne, ƙanenki. Ina wuni?

BILKISU: A'a, Malam da kansa. Lafiya lau. Ya gajiya?

MU'AZU: Ba gajiya. Ya Kaduna, ya maigidan?

BILKISU: Lafiya ƙalau, bai dawo daga ofis ba tukuna. Ya matarka Yalwa? Ya kuke fama da zafi?

MU'AZU: Yalwa tana gaishe ki. Zafi kam lokacinsa ne, sai haƙuri. Ya yara?

BILKISU: Suna nan suna cinye ni. Ya mutanen Abuja?

MU'AZU: Suleja dai, Yaya. An karɓe mana sunan, an ba sabon babban birni.

BILKISU: Su can su riƙe. Ni a Abuja aka yanke mini cibiya, bakina ba zai koyi wani suna da girmana ba. Ya makaranta?

MU'AZU: Mun gode Allah. Ya jikin Baba? An cire masa bandejin idon?

BILKISU: Shekaranjiya. Mu'azu, Baba yana gani.

MU'AZU: Alhamdulillahi. Sosai da sosai?

BILKISU: Likita ya ba shi wani tabarau mai kauri kamar gindin kwalba. Ka san abin da ya fara ce mini? Wai yaushe na yi furfura ba a gaya masa ba. Jiya wuni ya yi a tsakar gida yana kallon ganyen mangwaro. Shekara shida fa yana cikin duhu. Ni dai na shiga ɗaki na yi kukana na fito.

MU'AZU: Allah mun gode maka. Yaushe za ku taho da shi?

BILKISU: Ranar Asabar, in Allah ya yarda. Da don ta shi ne ma da yau ya hau mota. Ya ishe ni da ƙorafi.

MU'AZU: Ƙorafin me?

BILKISU: Ruwa. Wai ruwan firjina sanyi ne kawai ba daɗi, haƙoransa yake ci. Shi dai a mai da shi gida ya sha na randar Inna. Safe da yamma maganar ke nan. Halo? Mu'azu, kana nan?

MU'AZU: Ina nan, Yaya.

BILKISU: Daga ina ma kake bugowa?

MU'AZU: Ofishin shugaban makarantarmu, Mista Eugene. An tashi, ya bar mini makulli.

BILKISU: To. Kai dai na san ka, ba ka neman waya haka kawai don gaisuwa. Lafiya?

MU'AZU: Lafiya ƙalau. Wata 'yar magana ce. Kin san ni nake koya wa 'yan aji ɗaya kimiyya.

BILKISU: Na sani, tun da duk wanda ya zauna kusa da kai sai ya sha darasi.

MU'AZU: To wannan zangon muna kan siffofin abubuwa ne. Wato yadda ake gane abu yana nan a yadda yake, ba a mai da shi wani abu daban ba. Launinsa, nauyinsa, taurinsa, yana da santsi ko kaushi, yana nutsewa a ruwa ko yana tasowa, yana narkewa ko ba ya narkewa.

BILKISU: Wannan ai ko Inna, Allah ya jiƙanta, da ba ta taɓa shiga aji ba ta san shi. Shi ake biyanku ku koyar?

MU'AZU: Ta sani, amma ba ta aunawa. Mu aunawa muke yi. Na sa kowane yaro ya zo da abu daga gida. Aka kawo kanwa, gishiri, ƙusa, kakin zuma, guntun ƙwarya, har da mai ɗauko ɗan dutsen niƙan uwarsa. Muka cika bokiti muna jefawa ɗaya bayan ɗaya. Duk sun rantse abu mai girma shi ke nutsewa, sai ga ƙatuwar ƙwarya tana yawo a sama, allura kuwa ta tafi ƙasa. Da kin ga idanunsu.

BILKISU: Na gani a raina. Sai aka yi yaya?

MU'AZU: Sai muka zo kan abubuwan da ruwa yake ratsawa. Littafin misalin wani soso ya bayar, irin na teku, wanda ko ni ban taɓa riƙewa ba. Na ce me zai sa in wahalar da yara da abin da ba su sani ba, alhali kowa da randa a gidansu.

BILKISU: Da me?

MU'AZU: Randa. Randar ruwa.

BILKISU: Na ji. Ci gaba.

MU'AZU: Kin san jikin randa cike yake da 'yan ƙofofi ƙanana da ido ba ya gani. Ruwa yana tsattsafowa ta nan, shi ne zufar da kike gani a jikinta. In iska ta busar da zufar sai ta tafi da zafin, ruwan ciki ya yi sanyi. Kamar dai mutum ya yi gumi ya zauna a inuwa. Na ce musu in aka toshe ƙofofin nan sanyin zai tsaya. Suka ce ba su yarda ba sai sun gani.

BILKISU: Mu'azu, wace randa ka kai makaranta?

MU'AZU: Biyu na kai, a motar itacen makaranta. Na shimfiɗa buhuna sosai, ko ƙwarzane babu.

BILKISU: Ban tambaye ka buhu ba.

MU'AZU: Da sabuwar da Yalwa ta saya a kasuwa, da ta Inna.

BILKISU: Ka ɗaga randar Inna daga gurbinta.

MU'AZU: Aro ne, Yaya, na kwana biyu. Baba ba ya nan, ba mai sha. Kuma ta Yalwa na shafa wa fenti, ta Inna ban taɓa ta ba. Muka cika su da ruwan rijiya ɗaya, muka ajiye su a inuwa ɗaya. Washegari da azahar muka tsoma ma'aunin zafi. Ta Inna digiri ashirin da uku, mai fenti talatin da ɗaya.

BILKISU: To shi ke nan, an gani. Ka mayar da ita?

MU'AZU: Sai wata yarinya ta ɗaga hannu. Fatsuma sunanta, 'yar ƙarama, a layin baya take zama, ba ta cika magana ba. Ta ce, Malam, ai ba lalle fentin ba ne. Waccan tsohuwar randa ce mai kyau, wannan sabuwa ce, wataƙila da ma can ba ta kai ta sanyi ba. In ana so a gane gaskiya, mai sanyin ya kamata a shafa wa, a ga ko za ta daina.

BILKISU: Sai ka ce mata Allah ya yi mata albarka, ta zauna.

MU'AZU: Yaya, yarinyar ta fi ni gaskiya. Kuskurena ne, ban auna ta Yalwa ba kafin in shafa mata. Shekara huɗu ina koyarwa, ban taɓa samun ɗalibin da ya kama ni a kan gwaji ba sai ranar. Duk ajin ni suke kallo. In na ce ta zauna, na koya musu ke nan cewa maganar malami ta fi abin da aka auna.

BILKISU: Ka shafa.

MU'AZU: Na shafa.

BILKISU: Wane iri?

MU'AZU: Mai mai. Shuɗi, ragowar wanda aka yi wa ƙofofin aji.

BILKISU: Randar da Inna ta zo da ita gidan Baba tana amarya. Shekara arba'in da wani abu tana gindin lemon nan, mu shida muka tashi muna karo da ita ba ta fashe ba. Ita ce yanzu shuɗiya kamar ƙofar aji.

MU'AZU: Washegari ta ba da talatin. Jikinta a bushe ƙamas. Yaran har tafi suka yi.

BILKISU: Sun yi tafi. To madalla.

MU'AZU: Yaya, wallahi na ɗauka zai fita. Fenti ai yana fita.

BILKISU: Ya fita?

MU'AZU: Na sama ya ɗan ragu.

BILKISU: Da me ka goge?

MU'AZU: Layin nan ya fara ƙara kuma, kina jina?

BILKISU: Ina jinka tar. Da me ka goge?

MU'AZU: Da kananzir.

BILKISU: Tsaya. Kai da bakinka yanzun nan ka gama gaya mini jikin randa ƙofofi ne, duk abin da aka ba ta sha take yi.

MU'AZU: Da bakina. A gaban yara arba'in da biyu na faɗa, har na rubuta a allo suka kwafa.

BILKISU: Sannan ka koma gida ka shayar da ita kananzir.

MU'AZU: Kwalba guda. Hankalina yana kan fentin, ban tuna ba sai da na ga tana shanyewa kafin in kai tsumma. Yanzu in aka zuba ruwa, warin fitila yake yi. Yalwa ta wanke da toka, ta wanke da lemon tsami, ta shanya kwana uku a rana. Warin yana nan, shuɗin ma yana nan ya shige cikin ƙasar.

BILKISU: Yalwa ba ta hana ka ɗauka ba tun farko?

MU'AZU: Ta hana. Na ce mata aikin ilmi ne.

BILKISU: Allah ya saka mata. Mu'azu, raina ya ɓaci, ba zan ɓoye maka ba. Kayan Inna duk an raba, zannuwa, tasoshi, komai. Wannan kaɗai Baba ya ce kar a taɓa. Kullum da asuba shi yake lallubawa ya buɗe faifan da hannunsa.

MU'AZU: Na sani, Yaya. Ni nake cika masa ita.

BILKISU: To a nemo wata irinta mana, tsohuwa, a sa a gurbin. Ko da yake bari, na janye. Mutumin da ya shekara shida yana shafa ta. Ya san ɗan ɓallin da ke bakinta, ya san ƙarar da moɗa take yi in ta taɓa ta. Balle yanzu ga ido.

MU'AZU: Ni ma na yi wannan tunanin, na ji kunyar kaina. Amma akwai hanya ɗaya, ita ta sa na bugo. Jiya na kai ta ƙauyen Chaza wurin masu ginin tukwane. Akwai wata tsohuwa, Asibi, ita ce babbarsu. Ta zagaya ta, ta ƙwanƙwasa da yatsa, ta kara kunne, ta shinshina. Ta ce wannan ginin mutanen da ne, yanzu ba mai yin bango siriri haka.

BILKISU: Ta ce za ta gyaru?

MU'AZU: Ta ce ba abin da zai fitar da mai daga cikin ƙasa sai wuta. In aka sake gasa ta tare da sababbin tukwane, wutar za ta cinye fentin da kananzir ɗin duka, ƙofofin su buɗe, ta dawo tana zufa. Sai dai za ta yi baƙi-baƙi.

BILKISU: Baƙi ai da sauƙi. To me ya rage?

MU'AZU: Ta ce tsohuwar randa da ta shekara arba'in tana shan ruwa ba ta son wuta. Tana iya fitowa lafiya, tana iya tashi a ciki, sai dai a kwaso tsingaro.

BILKISU: Wanne ya fi yawa?

MU'AZU: Na tambaye ta, cikin goma nawa ke tsira. Ta dube ni ta ce ita ba ta taɓa ƙirgawa ba, don masu hankali ba sa kawo mata irin wannan aikin.

BILKISU: Ta gane ka da wuri.

MU'AZU: Gobe da safe za su sa wuta. Kuma ita ce ta ƙarshe, don hadari ya fara haɗuwa, daga nan gona za su koma, sai bayan damina. In aka sa ta gobe, Juma'a in ɗauko, in jiƙa ta kwana guda, Asabar Baba ya tarar da ruwansa da sanyi. Ni a ganina a sa.

BILKISU: In ta fashe fa?

MU'AZU: Yaya, a yadda take yanzu ma ba a shan ruwanta.

BILKISU: Amma tana nan. Shuɗiya ce, tana wari, amma in na zo gida zan gan ta a gindin lemo. Kai duk abin da ba ya aiki a wurinka ya tashi daga abu. Ni ban yarda a sa ta a wuta ba.

MU'AZU: Ke kika ce safe da yamma ruwan yake ambata. Zafin nan fa sai ya yi wata biyu nan gaba.

BILKISU: Na ce. Kuma kai ka riga ka gwada sa'arka a kanta sau biyu, kana neman ta uku. So kake in ce a sa, in ta fashe mu raba laifin.

MU'AZU: Ba haka ba ne. To, da ɗan haka. Ke ce babba.

BILKISU: Akwai wanda ya girme ni, kuma ga shi nan ya shigo, ya ji ina ambaton randa. Baba, Mu'azu ne daga gida.

MU'AZU: Yaya, don Allah ki bari sai na shirya yadda zan faɗa.

BILKISU: Yara arba'in da biyu ka tsaya a gabansu, mutum ɗaya ba zai gagare ka ba. Baba, riƙe nan. A'a, wannan gefen ne na kunne. Yauwa.

BABA: Salamu alaikum! Mu'azu! Kana jina?

MU'AZU: Wa alaikumus salam. Ina jinka, Baba, ba sai ka ɗaga murya ba. Ina wuni? Ya jiki?

BABA: Jiki alhamdulillahi. Na ga yayarka, ta tsufa. Kai ma ina zuwa in ga yadda ka koma. Ya iyalinka?

MU'AZU: Tana gaishe ka. Baba, barka da arziki.

BABA: Barkanmu dai. Me ya sami randar? Na ji tana cewa wuta.

MU'AZU: Baba, laifi na yi. Na ɗauke ta na kai makaranta don in nuna wa yara yadda take sanyaya ruwa. Wata ɗaliba ta ce ba za a gane ba sai an toshe jikinta, na shafa mata fenti. Da na zo gogewa na sa kananzir, ta shanye. Yanzu ba ta zufa, ruwanta kuma ba ya shawuwa.

BABA: Uhm.

MU'AZU: Ba wanda ya sa ni. Yalwa ma ta hana.

BABA: Yarinyar 'yar wa ce?

MU'AZU: 'Yar Ɗanlami ce, mai gyaran keke na Kwamba.

BABA: Na san kakanta, shi ma haka yake da musu. Abin da ta ce a gwada, ya fito?

MU'AZU: Ya fito, Baba. Sanyin ya tsaya.

BABA: To ita ta yi aikinta. Kananzir ɗin fa, ita ta ce?

MU'AZU: A'a, wannan ni ne.

BABA: Haka na zata. Maganar wuta fa?

MU'AZU: Masu tukwane na Chaza sun ce in aka sake gasa ta za ta iya dawowa daidai, za ta kuma iya fashewa. Gobe da safe za su sa wutar. Ni na ce a sa, Yaya ta ce kar a sa.

BABA: Yanzu tana ina?

MU'AZU: Tana can Chaza, wurin tsohuwar.

BABA: Kana ajiye abin nan ka nemi mota ka ɗauko ta. Ka mayar da ita gurbinta, ka rufe da faifanta.

MU'AZU: Wato kar a sa ke nan.

BABA: Za a sa. Uwarku ba ta ajiye abin da ba ya aiki, ni ma ba zan ajiye mata ba. Amma ba gobe ba.

MU'AZU: Baba, ta gobe ce ta ƙarshe. In ta wuce sai bayan damina, wata shida ko fiye. Duk zafin nan ba za ka sami ruwanta ba.

BABA: Na ji. Akwai tulu, zan sha.

MU'AZU: Ba za ka ji daɗin ganinta ba, Baba. Shuɗiya ce, dabbare-dabbare, duk na ɓata ta.

BABA: Ko kore ce. Mu'azu, uwarku ta yi jinyar wata huɗu a ɗakina, ina zaune a gefenta. Aka yi mata wanka, aka ɗauke ta, aka wuce da ita ta gabana, ban ga fuskarta ba. Wannan kam ba za ta shiga wuta ba sai na sa ta a ido.

MU'AZU: To, Baba.

BABA: Ka tashi tun rana ba ta faɗi ba, hanyar Chaza ba kyau. Bilkisu, karɓi abin nan, na gama.